Mawaƙin da aka yi wa addu'ar gafara yana tsaye a bakin ƙofa

Akwai wani mawaƙi da ake kira Sale Mai Kukuma. Shekara arba'in ya yi yana waƙa, har akwai lokacin da duk motar hayar da ka shiga, muryarsa za ka ji. Da zamani ya juya, 'yan amshinsa suka watse, ya koma sayar da tsofaffin kaset a tashar motar Utako da ke Abuja.

A shekarun da Abuja ke ta bunƙasa, kowace Asabar da shagali, wani matashin mawaƙi mai suna Musaddiq ya tsinci wani tsohon kaset na Sale. Ya ɗora masa kiɗan zamani, waƙa ta karɓu. Da aka tambaye shi a rediyo, sai ya ce ai mai waƙar ya daɗe da rasuwa.

Sale da kunnensa ya ji wannan magana, yana cin tuwo. Ya ture kwanon ya miƙe.

Ya nemi ɗakin da Musaddiq ke naɗar waƙa, ya ce shi ne mai waƙar, ba komai yake so ba illa a daina kiransa marigayi. Musaddiq ya dube shi sama da ƙasa, ya ce tsofaffi irinsa uku sun riga shi zuwa da wannan labari. Ya sa aka raka shi waje.

Bayan wata biyu, Hajiya Lantana, darakta a wata ma'aikata, ta gayyaci Musaddiq walimar auren ɗanta saboda wannan waƙa kaɗai. Wani direba ya tsegunta wa Sale. Ya saɓa kukumarsa ya tafi da azahar.

Mai gadi ya tare shi. "Baba, ba kati, ba shiga. Oga ta ce haka."

Yana nan tsaye a rana ya ji an ambaci sunansa a lasifika, an ce a yi wa marigayi addu'a. Ɗaruruwan mutane suka ce amin. Ni kam ban san abin da ya kai wannan ciwo ba.

To, a ƙarshen waƙar akwai baitin da ya fara da "Wakili na Paikon Kore", sai ya yanke, don a nan zaren kaset ya ƙare ranar da aka naɗe ta. Da Musaddiq ya rera ta ya kai wannan baiti ya tsaya, Hajiya Lantana ta karɓi makirfo, ta roƙe shi ya ƙarasa. Ta ce Wakili mahaifinta ne, manomin doya a ƙauyen Paikon Kore, tana yarinya ta ji baitin sau ɗaya, kuma tun rasuwarsa take neman wanda ya san sauran.

Musaddiq kuwa bai san sauran ba. Zauren ya yi tsit.

Sai aka ji kukuma daga bakin ƙofa, da wata tsohuwar murya:

"Wakili na Paikon Kore,
Mota ta mutu, ka buɗe mana zaure,
Kwana uku doyarka muke ci,
Lantana ƙarama ke kawo ruwa."

Makirfo ya suɓuce daga hannun Hajiya. Ta fita da gudu ba takalmi, jama'a suka bi ta baki buɗe. Ta durƙusa gaban tsohon tana kuka.

"Baba Sale, ashe kana da rai?"

"Ina nan, 'yata. Yanzun nan kuka gama yi mini addu'a."

Mawaƙa kan sa sunan masu hannu da shuni a waƙa. Sale kuwa manomi ya sa, don kawai ya ciyar da shi da 'yan amshinsa lokacin da motarsu ta lalace a hanya, shekara arba'in da suka wuce.

Hajiya ta riƙe hannunsa har kan dandamali. Musaddiq ya zo kai a sunkuye yana ba da haƙuri. Sale ya ce ya yafe, amma fa Musaddiq ya koma rediyon nan ya raya shi da bakin da ya kashe shi.

Ya koma kuwa. Kafin shekara ta zagayo, an sake naɗe waƙoƙin Sale, manyan bukukuwan Abuja na layin jiransa, yana da shekara saba'in da biyu. Kuma duk inda ya je, sai ya ƙarasa baitin Wakili kafin ya sauka.

Darasi: Kada ka binne mutum da ransa don ka ci moriyar aikinsa, kuma kada ka raina tsohon da ya riga ka shiga sana'a. Alherin da ka tuna wa talaka yana iya zama shaidarka ranar da kowa ya manta da kai. Ku tura wa 'yan uwa su ma su karanta.