Rahoton da Ya Daina Motsi

Ya 'yan uwa, an yi wani mutum mai salla, mai fara'a, wanda ko allurar wani bai taɓa ɗauka ba. Gajiya ce ta fara kama shi, ƙarya ta biyo bayanta.

Kawunsa ne ya riƙe shi tun yana maraya, ya kuma ba shi aiki a ofishinsa na zanen gine-gine. Aikin shi ne kula da wata babbar kwamfuta da suke kira saba, a wani ɗan ɗaki bayan matakala, inda fanka ke gurnani yini guda, kujerar kuma hannunta ɗaya a karye. Sabar nan ba ta jiran umarni. Duk yamma da kanta take kwafe zanen da aka yi ta adana a wani wuri daban, ta rubuta abin da ta yi a fayil ɗin rahoto, ta aika wa ma'aikata saƙo cewa an adana.

Wata rana ya sabunta manhajarta, sai ta ƙi tashi. Ya kashe, ya kunna, ya sake kashewa. Ashe sabon tsarin ya daina karanta saiti daga inda aka saba ajiye shi, sai an kwashe komai an mayar sabon wuri, layi bayan layi. Bayanin yana nan a rubuce. Ya dubi tsawonsa ya ja tsaki. Bayansa na ciwo, idonsa na yaji, ga jaririyar da matarsa ta haifa ta daɗe tana hana su barci. Sai ya bar saitin yadda ya zo daga masu manhajar, ya danna maɓallin kunnawa. Fitilar sabar ta yi kore, alamar ta tashi. Ya ce alhamdu lillahi, ya rataya jakarsa.

Washegari ya buɗe tsohon fayil ɗin rahoto. Layin ƙarshe ya ce an gama lafiya, amma kwanan watan na kafin sabuntawa ne. Ku riƙe wannan da kyau: ya gani. Ya san sabar ta koma rubuta rahotonta a wani wuri, ya san nemo shi ba zai ci masa rabin yini ba. Ya ce sai gobe.

Wata dattijuwar mai zane ta leƙo ɗakin ta ce, "Ɗan nan, saƙon yamma fa ya daina zuwa."

Ya ce, "Ai sabuwar ba ta da surutu irin naki, Anti." Ta yi dariya ta koma teburinta.

Kawun ma ya tare shi a matakala. "Ɗana, komai daidai?"

"Na duba rahoto, Kawu, babu matsala ko ɗaya."

Tsohon ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Shi ya sa nake barci har da minshari."

Wane rahoto ya duba, ya 'yan uwa? Wanda ya san ya mutu. Daga ranar kuwa gyaran ya yi masa nauyi, domin in ya gyara sai ya faɗi tun yaushe abin ya lalace. Ya koma ko ɗakin ba ya son shiga. Yakan tsaya a bakin ƙofa, ya hangi koriyar fitilar, ya ja ƙofa.

Watanni suka shuɗe. Wata safiya, ana dab da miƙa zanen wani babban gini, ma'ajiyar kwamfutar ofis ta mutu. Kawun bai ko tashi daga kujera ba, ya ce a ɗauko kwafi. Aka je, aka tarar kwafin ƙarshe na tun kafin sabuntawa ne. Aka kira mai gyara daga waje, ya buɗe rahoton na gaskiya a gaban kowa. Kowace yamma kuka ɗaya sabar take yi: ban sami inda zan ajiye ba.

Mai ginin ya janye kwangilarsa, sauran masu ba su aiki suka bi shi. Anti ta tattara kayanta a kwali, ta wuce ta gaban mai kula da sabar ba ta ɗaga kai ba. Kawun bai zage shi ba. Ya dube shi ya ce, "Da ka ce mini ka gaji, ai da na ce je ka kwanta."

An rufe ofishin. Har yau in ya je gaida kawun, tsohon yana amsawa, yana sa masa albarka, amma bai ƙara tambayarsa komai ba, ko ƙarfe nawa.

Ni kaina na gaji da ganin irin wannan, ya 'yan uwa. Gajiya ba zunubi ba ce, kowa na yi. Zunubin shi ne a ba ka amana, ka san ba ka duba ba, ka ce lafiya lau. Wanda ya tambaye ka da amsarka zai kwana. In ba ka sani ba, ka ce ban sani ba. In ka kasa, ka ce na kasa tun da sauran gyara.

Allah ya kiyaye mu daga cin amanar masu barci saboda maganarmu, ya ba mu ƙarfin cewa mun gaji. Amin.