Alayyahun Dagaci

An yi wani dagaci mai son a kira shi adali. Ran nan akuyar Tabawa mai ƙosai ta faɗa lambunsa ta cinye alayyahu.

Tabawa ta durƙusa. "Ranka ya daɗe, a yi sulhu. Zan shuka wani, in yi ta ban ruwa har ya girma."

"Ainihin wanda ta ci nake so," in ji dagaci. "Ki kawo shi gobe, ko akuyar ta zama tawa."

Akuyar kuwa ita ke nan gare ta. Washegari sai ga Tabawa da ƙwarya, ta buɗe gaban dattawa. Kashin akuya ne fal.

Dagaci ya daka tsawa. "Ni za ki raina?"

"Wace ni, ranka ya daɗe! Ainihinsa ne, ko ganye ɗaya ba ta ɓoye ba. Ai bara da shanunka suka cinye min wake, kai ka yanke cewa kashinsu ya biya ni, har ka sa na yi godiya."

Dattawa suka sunkuyar da kai, kafaɗu na rawa.

"Ni ba sai ka gode ba," in ji Tabawa. "A dai juye a ba ni ƙwaryata."