Tanimu Yini-Guda

An yi wani mutum, wani bawan Allah, a wani gari can baya, zamanin da in za ka yi tafiya ko dai ƙafarka, ko jaki, ko ruwa. Sunansa Malam Tanimu, ɗinkin hula ne sana'arsa. Na baya ku matso, ku saurara.

Garin nasu a kan tudu yake, kogi na can gangare, tafiyar safiya guda. Mutanen garin manoma ne, ba ruwansu da jirgi. Amma shi Tanimu tun yana yaro kogin nan ke ransa. Duk baƙon da ya zauna a zaurensa sai ya tambaye shi: ina ruwan nan ya nufa? Gaskiya ne akwai wurin da ba a hango ɗaya gaɓar? Yana ɗinki yana tambaya, yana ɗinki yana tambaya, har furfura ta fara fito masa bai taɓa sa ƙafa a jirgi ba.

Wata damina wani mai jirgi da ake kira Mamuda ya zo cin kasuwa, kurkunu ya kayar da shi, ga shi bai san kowa ba. Tanimu ya ɗauke shi ya kai zaurensa, ya yi jinyarsa har ya miƙe. Da zai tafi ya ce ba shi da abin da zai saka wa Tanimu da shi sai jirginsa, babba mai rumfa. In an gama girbi zai ba shi aronsa da matuƙansa, ya ɗebi iyalinsa su sha iskar kogi. Sau ɗaya ne kawai zai iya, don baɗi jirgin zai koma hannun ƙanensa. Ya ce, "Tsawon tafiyar kuwa, Malam, kai za ka yanka. Abin da ka faɗa shi za a yi."

To, Tanimu ba mai yanke magana shi kaɗai ba ne, sai ya tara gida ya nemi shawara. Matarsa Tabawa ta ce wata guda, ba ragi. Dalilinta kuwa, maƙwabciyarta Gaje ta taɓa zuwa biki a kan jaki ta yi mako, har yau ba a huta da labarin ba. Yara suka ce a tafi kada a dawo. Sai surukinsa, mahaifin Tabawa, wani tsohon maharbi da ake kira Baba Nomau, ya buga sandarsa a ƙasa ya ce da shi za a je, kuma duk tafiyar da ba ta kai kwana arba'in ba wasan yara ce. Bai tsaya nan ba, ya je ƙofar masallaci ya maimaita, ya ƙara da cewa shi da ƙuruciyarsa ya taɓa kama kada da hannu, sai da kadan ya ba shi haƙuri.

Kwana arba'in. Jama'a, abin da Tanimu ke so ke nan. Murna ta hana shi ganin kafar allura. Ranar sai da ya ɗinke hular wani da wandonsa bai sani ba, ya miƙe zai gai da baƙo hula na lilo a gwiwarsa.

Ana nan ana shiri, wata rana bayan azahar tunkiyarsa ta ɓace, ya bi sawunta bayan gari har kududdufin da ake shayar da dabbobi. Yana leƙawa ta cikin sabara sai ya ga abin da bai taɓa zato ba. Baba Nomau ne ya ja komin shayar da shanu ya tura shi bakin ruwa, ya shiga ya zauna, yana gwajin jirgi. Ruwan nan, ku ji fa, bai kai gwiwar yaro ba. Amma tsoho ya ƙanƙame gefen komi da hannu biyu, ya runtse ido, gumi na zuba, yana karanto duk addu'ar da ya sani, har ta cin abinci. Can wani kwaɗo ya faɗa ruwa tsulum. Mai kama kada da hannu ya kwarma ihu ya kira innarsa, wadda ta rasu tun Tanimu bai zo duniya ba. Ya rarrafo waje da hannu da gwiwa, ya zauna a taɓo yana haki, yana cewa, "Allah ka rufa mini asiri. Allah ka rufa mini asiri."

Tanimu ya ja da baya a hankali, ya bar tunkiyar ta dawo da ƙafarta.

Yanzu ina tambayarku. Da ɗayanku ne ya ga wannan, ina zai nufa? Ni na san wasunku, ko takalmi ba za su tsaya ɗauka ba sai majalisa. Kafin magariba an yi wa tsoho waƙa.

Shi kuwa bawan Allah ya koma zaure ya zauna yana juya maganar. Ya ce wa Baba ya zauna a gida, ba hali, mutumin ya riga ya cika baki a ƙofar masallaci, kuma suruki ne, akwai kunya. Ya gaya wa Tabawa, ba hali, ubanta ne, kuma abin da Tabawa ta ji da safe Gaje ta ji shi da hantsi. Ya fasa tafiyar gaba ɗaya, yara za su yi kuka, Mamuda zai ga an raina kyautarsa. A yi kwana arba'in kuma, tsohon da kwaɗo ya firgita ba zai dawo da rai ba.

Da Mamuda ya zo jin amsa, zaure ya cika da mutane. Tanimu ya sunkuyar da kai ya ce, "Yini guda. Mu shiga da hantsi, mu fito da la'asar."

Mamuda ya ɗauka kunnensa ne, ya sa aka maimaita masa. Ya tambayi dalili. Tanimu ya ce, "Zuciyata ba za ta kwanta ba in muka wuce haka."

Ku lura, bai yi ƙarya ba. Zuciyarsa ba za ta kwanta ba ɗin. Amma mutane suka fassara yadda suke so, shi kuma ya bar su da fassararsu. Kafin gari ya waye an raɗa masa suna Tanimu Yini-guda. In ya wuce yara su watsa ruwa a ƙasa su ce a kawo wa Malam jirgi ya haye.

A cikin gida abin ya fi zafi. Tabawa ta riga ta soya dambun nama tulu guda, ta daka dakuwa, ta bi maƙwabta gida gida ta nemi yafiya kamar mai tafiya Makka, ta kai wa Gaje ajiyar kajinta. Yanzu da wane ido za ta je ta karɓo kajin? Ta ce ita dai ta auri matsoraci ba ta sani ba. Tanimu ya ba ta haƙuri, ta ƙara, ya sake ba ta haƙuri. Baba Nomau ya girgiza kai ya ce mazan yanzu ba su da zuciya, amma tunda maigida ya yanke ba zai ja da shi ba. Abin da Tanimu ya lura da shi kawai, tsohon da ya kwana biyu yana ture akushi, ranar malmala uku ya tashi da su.

Ranar tafiya suka yi asubanci, hantsi na ɗagawa suna bakin kogi. Tabawa ta shiga da tulun dambunta, don ta ce ko yini guda ne sai an ci. Baba Nomau ya shiga da baya, wai haka masana ruwa ke yi. Yana zama ya zura hannu ta ƙarƙashin babbar rigar Tanimu ya damƙi idon sawunsa. Ya ɗaga murya yadda kowa zai ji ya ce, "Kada ka ji tsoro, yaro. Ga ni na riƙe ka."

Tanimu ya ce, "Na gode, Baba."

Mamuda ya shigo ya ba da umarni, matuƙa suka sa filafili, jirgi ya rabu da gaɓa. Ba a yi nisan kiran salla ba Tabawa ta ce ƙasa na juyawa. Aka ce mata babu ƙasa a nan. Ta ce to ruwan ne ke juyawa. Mai neman wata guda ta kwanta a ƙarƙashin rumfa, ta ce a kawar mata da tulun nan, ko ƙanshinsa ba ta son ji. Kunun da ta sha da asuba kifaye suka karya da shi. Yaran da suka ce kada a dawo suka kalli ruwa ta dama, suka kalla ta hagu, suka fara tambaya ko an iso, daga nan sai faɗa kan wanda zai zauna a baki.

Wajen azahar wata dorina ta ɗago kai can nesa ta yi hamma. Baba Nomau ya ga cikin bakin nan, ya zame a hankali ya kwanta, ido a rufe. Tanimu ya ja gefen rigarsa ya lulluɓe masa fuska, ya ce wa yara su yi shiru Baba na hutawa. Amma hannun bai saki ƙafa ba. Ko a sume bai saki ba.

To, a nan ne jarrabawar take, ku saurara da kyau. Jirgi ya sha wata kwana, sai kogi ya buɗe. Faɗi iya ganin ido, tsibirai kore shar da shinkafa, fararen tsuntsaye sun tashi kamar an watsa auduga, ga rumfunan wata kasuwa can a bakin ruwa. Abin da Tanimu ya yi shekaru yana tambayar baƙi, ga shi a gabansa, kuma wannan bakin ƙofa ne kawai. Hawaye ya cika masa ido.

Mamuda ya matso ya yi ƙasa da murya. Ya ce shi ya tsufa a kan ruwa, ya san matsoraci in ya gan shi, kuma Tanimu ba shi ba ne. Ya ce, "Guzuri ya ishe mu, Malam. Masu jiri gobe za su saba. Ka ce mu miƙa kawai. Daga wannan ba wani."

Tanimu ya daɗe yana kallon ruwan. Sannan ya dubi ƙafarsa, wadda ta riga ta mutu saboda damƙar tsohon. Ya ce, "Juya da mu, Mamuda. La'asar ta kusa."

Suna taɓa gaɓa Baba Nomau ya farka, ya yi miƙa, ya ce har an iso, shi ko gumi bai yi ba. Tabawa ta sauka ta dafa ƙasa da hannu biyu ta yi hamdala, ta ce wa mijinta a hankali ashe yinin ma da tsawo. Tanimu bai ce ai na gaya miki ba. Ya ɗauki tulun dambu ya ɗora a ka, yana ɗingishi, suka kama hanyar gida.

Washegari Baba Nomau ya zauna a ƙofar masallaci yana ba da labari. Dorinar ta zama uku. Ya ce ba don shi ya riƙe surukinsa ba da tsoro ya jefa shi a ruwa. Aka juya aka tambayi Tanimu ko haka ne. Ya ce, "Gaskiya ne. Tun da muka shiga har muka fito Baba bai sake ni ba." Aka yi ta dariya, shi ma ya yi murmushi. Tsohon ya dube shi, ya daɗe yana dubansa, sai ya kawar da kai. Bai taɓa ce masa komai a kan maganar ba. Amma daga ranar duk yaron da ya ce Yini-guda a gabansa sai ya sha sanda, kuma in ya idar da salla ana jin sunan Tanimu a addu'arsa kafin na 'ya'yan cikinsa.

Tanimu bai sake shiga jirgi ba har ya koma ga Allah. Labarin ma ba daga bakinsa ya fito ba. Mamuda ne ya bayar bayan duk sun rasu, ya haɗa abin da ya gani da abin da tsohon ya raɗa masa a ciwon ajali.

To jama'a, ga darasin a fili. In Allah ya sa ragamar tafiya a hannunka, kada ka auna ta da ƙarfin ƙafarka ko da kwaɗayin ranka, auna ta da wanda ya fi kowa rauni a cikinku. In kuma ka ga raunin ɗan'uwanka, ka rufe, ko da rufewar za ta sa a yi maka dariya. Kai maigida da ke zabga sauri a hanya, matarka na baya da goyo tana haki, da kai nake. Kai da ke kai tsohuwarka ziyara ka shantake da hira, ita kunya ta hana ta ce ta gaji, da kai nake. Ko liman an hore shi ya sassauta saboda na bayansa, balle kai.

Ni ma yau na shiryo karatun da zai kai mu magariba. Amma tun ɗazu na hango wani dattijo a cikinku yana sauya zama, gwiwa ta dame shi, ga wani kuma ya gyaɗa kai sau da yawa, kuma ba yarda da maganata yake yi ba. Ba zan faɗi sunansu ba, kada ma ku waiga. Mu tsaya nan. Allah ya rufa mana asiri, ya sa mu cikin masu rufa na wasu. Ku tashi a hankali.