Darrel da Ragon Ƙararrawa

A yankin Riverina, ƙasar masu kiwon tumaki don ulu, babu mai askin tumaki da bai san sunan Darrel Hoskin ba. Shekara da shekaru shi ke riƙe da gurbin farko a rumfar aski, gurbin da bisa al'ada ba a ba kowa sai wanda ya fi saura sauri. Hannunsa na da tsabta, ba ya yanka dabba, ba ya barin ulu a jikinta. Aibinsa guda ne: ya ɗauka jikin da ya bauta masa yana saurayi zai ci gaba da bauta masa bayan ya haura hamsin, ba tare da ya saka masa da komai ba.

Idan aski ya ƙare aka shiga watannin hutu, Darrel kan ɗauki ƙugiya ya tafi bakin kogi, ya wuni a zaune. 'Yarsa Shona kuwa, wadda ta koyi aski a hannunsa har ta kai gurbi na biyu, ba ta yarda jikinta ya yi sanyi ba. Ta cika buhuna da yashi, ƙarami da matsakaici da babba, ta ajiye a garejin gida. Takan fara da ɗumama jiki, sannan ta durƙusa ta ɗaga buhu da ƙarfin cinya da ƙugu, bayanta a miƙe. Takan ɗauki jarkar ruwa a kowane hannu ta zagaya gida. In ta yi yau, gobe ta huta, kuma ba ta ƙara nauyi sai na jiya ya zame mata wasa.

Wata rana Darrel ya tarar da ita tana haki, ya jingina da ƙofa ya ce, "Laifin me kika yi ake ba ki gwale-gwale?"

"Baba, zo ka ɗauki ƙaramin mu fara. Aski ya kusa."

"Ni da ƙarami? Yarinya, wurin motsa jikina ƙafa huɗu gare shi, kuma kuka yake in an kama shi. In lokaci ya yi zan je."

Ta ce masa rago ba ya jira mutum ya shirya. Ya amsa da cewa da tsohuwar zuma ake magani, ya wuce abinsa.

Shugaban ayarinsu, Tamati Ruka, ya kawo wa kowa irin ɗamarar nan da ake ratayewa daga rufin rumfa, mai aski ya ɗora ƙirjinsa a kanta don ta rage wa bayansa nauyi. Kowa ya karɓa. Darrel ya juya tasa a hannu, ya ce shi ya bar majanyi tun ranar da aka yaye shi. Da ya koma gida sai ya shimfiɗa wa karensa ita a gindin bishiya.

Ba wai jikin bai yi masa gargaɗi ba. Matarsa Noelene ta lura cewa da safe sai ya zauna a bakin gado kafin ya iya ɗaura takalmi, kuma in ya miƙe yakan dafe ƙugu. Ta roƙe shi ya je a duba shi. Ya ce bayansa ne, ba na gwamnati ba, shi ya san yadda yake bi da kayansa.

Ranar da aka buɗe aski gari ya waye da sanyi mai ratsa ƙashi. Tamati ya tunatar da su ƙa'ida: wanda ya yi gaba a yau, shi zai tsaya a gurbin farko har ƙarshen kakar aski. Sauran suka tsaya a bakin rumfa suna miƙa, suna jujjuya kafaɗa da ƙugu. Darrel ya tsaya gefe da kofin shayi, ya tambaye su ko rawar ta biki ce ko ta suna. Aka yi dariya, aka kunna injinan aski.

Da safe ya nuna musu cewa shi ne. Tumaki suka riƙa fita daga hannunsa fari fat, ɗaya bayan ɗaya. Amma bayan abincin rana sai bayansa ya fara ɗaurewa. Duk sunkuyawa sai ya ji kamar ana jan igiya daga ƙugunsa zuwa cinya. A gefensa Shona na kwance a kan ɗamararta, tana aski da sauri iri ɗaya tun safe, ba ta ƙara ba, ba ta rage ba. Kafin la'asar ta kamo shi. Kowa a rumfar ya san sun yi kunnen doki, shi ma ya sani.

To, masu aski na da wata al'ada: duk dabbar da ka kama kafin a buga ƙararrawar tashi, taka ce, ka aske ta a lissafa maka. Darrel ya saki tunkiyar da ke hannunsa daidai lokacin da ya hangi Tamati ya nufi ƙararrawa. A garken da ke bayansa saura rago guda, wani ƙato mai naɗaɗɗiyar fata wanda kowa ya yi ta kauce masa tun safe. Darrel ya faɗa garken.

Ya san yadda ake yi, shi ya koya wa rabin mutanen rumfar. Ana juya kan rago ne a zaunar da shi, a lanƙwasa gwiwa, a ja da baya a hankali. Amma babu lokacin wannan. Ya sunkuya ƙafafunsa a sandare, ya cafki ragon, ya fizgo shi yana murɗa jiki. Ƙararrawa ta buga. A daidai nan ya ji wani abu ya tsinke a ƙasan bayansa, zafi ya sauka har tafin ƙafa.

Da ya ajiye a nan, da wataƙila abin ya zo da sauƙi. Bai ajiye ba. Ya ciji leɓe ya jawo ragon zuwa gurbinsa, ya aske ciki, ya aske wuya. Yana kaiwa gefe ɗaya ƙafarsa ta hagu ta mutu, ya zube a kan gwiwa, injin na kuka a hannunsa.

Shona ta kashe injin. "Baba, saki."

"Ba a taɓa ƙarasa mini rago ba."

"Na sani. Saki, kada ya shure ka."

Bai saki ba, yatsunsa ne suka gaza. Aka ja shi gefe aka kwantar a kan buhunan ulu. Yana kallo 'yarsa ta durƙusa ta ƙarasa askin da ya fara. Da ta gama sai ta ce wa Tamati a sa ragon a lissafin babanta, tunda shi ya kama.

Darrel ya ɗago kai da kyar. "Tamati, in ka lissafa mini abin da ban aske ba, ni da kai ne. Nata ne."

Da wannan ragon Shona ta yi gaba, gurbin farko ya koma hannunta.

A asibiti aka ce faifan da ke tsakanin ƙasusuwan bayansa ne ya goce ya danne jijiya. Kakar askin nan gaba ɗayanta a kwance ya yi ta, Noelene ke ɗaura masa takalmi. Da ya fara takawa, Shona ta kai shi gareji. Ko ƙaramin buhun ba ta ba shi ba, sandar tsintsiya ta miƙa masa, ta ce ya koyi sunkuyawa tukuna. Ya daɗe yana hararar sandar, sannan ya karɓa, ya ce kada ta ɗauka don maganarta ce.

Da shekara ta zagayo ya dawo rumfa, amma a gurbin ƙarshe, inda ake tsayar da masu koyo. Ya rataye ɗamararsa da hannunsa. Tamati ya shinshina iska ya ce, "Tsoho, majanyin nan naka warin kare yake yi."

"Karen ya fi ni hankali," in ji Darrel. "Shi tun bara ya san amfaninsa. Kunna injin."

Ya ci gaba da aski, kuma hannunsa na nan da tsabtarsa. Gurbin farko dai bai sake tsayawa a cikinsa ba.

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, ƙarfin jiya ba ya ɗaukar kayan yau. Aiki mai nauyi ba ya maye gurbin shiri, jiki na bukatar a gina shi da tsari: a ɗumama shi kafin a ɗora masa, a fara da kaɗan, a ƙara a hankali, a ba shi ranar hutu, a kuma saurare shi tun yana raɗa kafin ya yi kururuwa. Wanda girman kai ya hana shi ɗaukar ƙaramin buhu, wata rana da sandar tsintsiya zai fara.