Keken da ke jikin hoton Inna

Akwai wani safiyo, mai awon filaye, wanda in dai maganar iya aiki ake yi sai dai a sara masa. Amma fa Allah ya zuba masa ji da kai. Ko hanya ce ta ɓace masa, gara ya wuni yana zagaye da ya sauke gilashin mota ya tambayi wani.

Wata rana mahaifiyarsa, wadda jiki ya fara ƙi, ta kira shi ɗakinta. Daga ƙasan akwati ta ciro wani tsohon hoto mara kala, gefensa duk ya cinye. Yara mata biyu ne tsaye a ƙofar wani gida mai dakali, an jingine keke a bango, can baya kuma ga dogon tankin ruwa na ƙarfe da wani dutse.

"Wannan ni ce, wannan kuma Yayata," in ji ta. "Da babanmu ya rasu dangi suka raba mu. Aka tafi da ni nesa, ita aka bar ta a gidan. Shekara sittin ke nan. Ina so in gan ta kafin in bar duniya."

Sunan garin kawai take iya tunawa. Unguwa da layi duk sun shige mata.

"Inna, ki kwantar da hankalinki," ya ce. "Wannan ai aikina ne. Kwana biyu ya yi yawa."

Ya ɗauki hoton a waya, ya buɗa shi a kwamfuta, ya gwada da taswira. Tanki da dutse suna nan ba su motsa ba. Ya ja layi, ya auna, lissafi ya nuna masa gidan yana yamma da tankin. Washegari ya yi tafiyar awa huɗu, ya tsaya daidai inda awonsa ya nuna. Me zai gani? Gidan mai, an malale ko'ina da siminti.

A gindin tankin akwai wani dattijo mai gyaran keke, hannu duk baƙin mai. Ya ga baƙo yana ta kai da komo da hoto a hannu.

"Ɗana, wani kake nema? Kawo in duba maka. A nan na yi furfura."

Safiyo ya dubi hannun dattijon, ya dubi hoton, ya mayar da shi aljihu.

"Bari kawai, Baba. Wannan aikin na'ura ne."

"To, Allah ya taimaka," in ji dattijon, ya koma kan tayarsa.

Daga nan Safiyo ya shiga bin ofisoshi, yana neman inda aka mayar da waɗanda aka rushe wa gidaje. Wannan ya tura shi wajen wancan, wancan ya ce ya dawo jibi. Kullum ya shiga gaida Inna sai ta ɗago kai.

"An dace?"

"Saura kaɗan, Inna."

Saura kaɗan, saura kaɗan, har sati uku.

Ranar da ya koma garin, takardu sun ƙare, dabara ma ta ƙare. Rana ta dake shi, ya rasa inuwa sai ta rumfar mai gyaran keke. Ya zauna a kan benci ba ko sallamar kirki, ya ciro hoton yana kallo. Dattijon bai tuna masa da komai ba. Ya goge hannunsa tas da tsumma, ya miƙo. Wannan karon Safiyo ya ba shi.

Dattijon bai ko dubi yaran ba, keken ya ƙura wa ido. Sai ya yi 'yar dariya.

"Ɗana, ka taɓa ganin keke mai sarƙa a hagu?"

"Ban gane ba, Baba."

"Shekara hamsin ina wannan aiki, sarƙar keke a dama take. Dubi wannan, a hagu ta fito. Mai hoton ne ya kifa fim ɗin lokacin wankewa. Duk abin da ka gani a hagu, a dama yake."

Safiyo ya sake duban hoton. Idan haka ne, gidan yana gabas da tankin, ba yamma ba.

Dattijon ya rufe akwatin kayan aikinsa ya shige gaba. Ko minti biyar ba su yi ba suka tsaya a ƙofar wani tsohon gida. An sake fenti, an sa ƙofar ƙarfe, amma dakalin nan na cikin hoto yana nan.

Wata mata mai kimanin shekara arba'in ta amsa sallama. Tana ganin hoton ta dafe ƙirji.

"Wannan ai Ummata ce! Kai ɗan ƙanwarta ne?"

"Ni ne. Tana ciki?"

Idon matar ya ciko.

"Yau kwana tara da rasuwarta. Babu yadda ba mu yi da ita ba ta koma wajen yayanmu, inda akwai asibiti kusa, ta ƙi. Cewa take, ƙanwata nan kaɗai ta sani, in na tashi ina za ta same ni?"

Safiyo ya zauna a kan dakalin. Mutumin da aikinsa lissafi ne, wannan lissafin bai yi masa wuya ba. Ranar da ya fara zuwa tana da rai, tana cikin gidan nan, tafiyar minti biyar daga inda ya mayar da hoto aljihu.

Da ya isa gida ya durƙusa a gaban Inna ya faɗa mata. Hawaye suka shiga bin kumatunta. Ta yi wa 'yar'uwarta addu'a, sannan ta dube shi.

"Kwana tara ka ce?"

"E, Inna."

"Kai kuma yaushe ka fara zuwa garin?"

Zai iya yin ƙarya, babu wanda zai tona. Ya sunkuyar da kai.

"Sati uku ke nan. Wani dattijo ya ce in ba shi hoton ya duba, na hana shi."

Inna ba ta yi faɗa ba, kuma wallahi da ta yi da ya fi masa sauƙi. Ta share fuskarta da gefen mayafi.

"Gobe ka kai ni in ga 'ya'yanta," ta ce. "In mun je, ka fara tsayawa wajen dattijon nan. Ni zan yi masa godiya, tunda shi ya nemo min Yayata."

Darasi: Komai zurfin karatunka, akwai abin da mai ƙaramar sana'a ya sani wanda kai ba ka sani ba. Kada ka raina wanda ya ce kawo in duba maka, domin wani jinkirin da girman kai ke jawowa ba ya gyaruwa har abada. Ku tura wa 'yan'uwa da abokai, wataƙila akwai mai neman wani nasa da tambaya ɗaya kawai ta rage masa.