Turaku Sittin na Fada

A ƙasar Gulbin Kanya an yi wani sarki, Abdulƙadiri, mai natsuwa da tsoron haƙƙin talakawa, wanda a zamaninsa wutar lantarki ta iso bakin birni, ya ƙudura a ja babban layi zuwa ƙauyukansa bakwai, kowanne da taransifomarsa. Sai dai turakun ɗaukar waya da ke hannu ɗari huɗu da sittin ne, kuma baitulmali ba shi da ƙarfin ƙaro ko ɗaya.

Ya tara majalisa ya ce, "Ku shata mini hanyar da kayan nan za su isa, wadda kuma wuta ba za ta riƙa yankewa a kanta ba."

Injiniya Lurwanu, masani ne ba laifi, ya shimfiɗa taswira ya nuna layi miƙaƙƙe wanda zai ci turke ɗari huɗu, sauran sittin kuwa a ja wa fada layi na biyu, domin in ɗaya ya lalace ɗaya ya riƙe. Fadawa suka hau yabo, alhali a takarda kowace ƙasa busasshiya ce.

A can gefe akwai Jatau, dagacin Tungar Rimi, ƙauyen ƙarshe a layin. Kowace damina kububuwa na kashe masa manoma, bara ma ƙaninsa ta sara, kuma an ce ba za a ajiye musu maganin dafi ba sai ɗakin shan maganinsu ya sami firji mai tsayayyar wuta.

Sarki ya ce, "Jatau, kowa na murna, kai ka sunkuyar da kai."

"Allah ya ba ka nasara, a yi mini izini in tambayi injiniya. Ranka ya daɗe, a wane wata ka yi awon nan?"

"A Maris."

"Ka ratsa Kwarin Giwa?"

"Da mota ma kuwa."

"To mu a Agusta da kwalekwale muke ratsa shi. Turke ɗaya in ya kwanta a lakar nan, ba mai ta da shi sai kaka, kuma a watannin ne maciji ke sara."

Lurwanu ya daɗe yana duban taswirarsa, sa'an nan ya ce, "Gaskiyarsa. In aka bi tudu ta burtali layi zai tsaya, motar gyara ta kai gare shi rani da damina. Amma zai ci ƙarin turke sittin, kuma ba mu da su."

Jatau ya san abin da zai faɗa yana iya raba shi da sarauta. Amma ya faɗa. "Muna da su. Ga na fada nan."

Waziri Barau ya daka masa tsawa. "Kai Jatau, rawanin ne ya yi maka nauyi?"

"Ranka ya daɗe, in an ɗauke wuta a fada da hantsi, kafin azahar masu gyara sun zo da gudu. Mu in an ɗauke, kabari muke haƙawa."

Sarki ya dubi Waziri ya ce, "Waziri, ni na yi tambaya, shi kaɗai ya amsa. A mai da turakun nan kan layin burtali." Ya sa aka yafa wa Jatau alkyabba, ya kuma yi umarni kada a kafa turke ko ɗaya sai inda Jatau ya taka ya yarda.

A daminar da ta biyo baya sau uku fada na rasa wuta, Sarki bai koka ba. A Tungar Rimi kuwa mutum goma sha ɗaya maciji ya sara, amma da yake akwai maganin dafi a firji, dukansu da hannunsu suka girbe gero.

Saboda haka duk mai son sanin adalcin sarki, kada ya tsaya a ƙofar fada. Ya taka har ƙauyen ƙarshe ya tambayi mutanensa.