Zabuwa da Miyar Toka

An yi wata Bushiya a bakin wani rafi, wadda ba ta san zubar da abu ba. Madafarta cike take da ƙulle-ƙulle. Ga ƙanzo a tukunya, ga kan kifi busasshe a rataye, ga 'ya'yan kabewa. Har tokar karan gero ma tana da mazubinta.

Maƙwabciyarta Zabuwa ce, gwanar ado, gwanar raini.

"Maƙwabciya, wannan madafa ce ko juji?" in ji Zabuwa, tana toshe hanci.

"Ko me kika kira ta, ban taɓa kwana da yunwa a cikinta ba," in ji Bushiya.

Ana nan sai surukar Zabuwa ta zo ganin gida. Tsohuwa ce mai kaifin harshe, loma ɗaya ta ishe ta ta yanke wa mace hukunci a gaban dangi. Isowarta ke da wuya ruwa ya ɓarke, rafi ya cika, hanyar kasuwa ta yanke. Zabuwa ta duba madafarta, daga garin tuwo sai kuka. Ba nama, ba daddawa, ba ko ɗan gutsuren kanwa. Hankalinta ya tashi.

Ta zagaya ta bayan zana, ta faɗa gidan da ta saba yi wa dariya. Bushiya ba ta ja rai ba. Ta daka kan kifi da 'ya'yan kabewa, ta ɗora tukunya.

"Zauna ki ga yadda ake yi," in ji ta.

"Ni in koyi girkin tsince-tsince? Ki dai zubo mini, ina sauri."

Tsohuwa ta ci miyar nan har da suɗe ƙwarya. "Kai! Wa ya yi wannan?"

"Ni ce, Iya. Ai hannuna ne haka," in ji Zabuwa, ko kunya babu.

"Madalla. Gobe a gabana za ki yi, ni ma in gani."

Da safe Zabuwa ta leƙa ta kan zana, ta karɓi kan kifi, ta yi raɗa: "Me kika sa a madadin kanwa?"

"Toka. Amma sai kin..."

"Ya isa! Toka kuma wa ya rasa?"

Ta dawo tana taƙama. Miya na tafasa ta kamfato toka daga murhu, ludayi biyu, har da guntayen gawayi, ta antaya. Miya ta koma kamar taɓo. Tsohuwa ta ɗanɗana. Haƙoranta suka yi ƙas!

"Ke! Murhu za ki ciyar da ni? Wa ya yi miyar jiya?"

Zabuwa ta sunkuyar da kai. Sai ga Bushiya ta shigo da wata ƙwarya mai huji a gindi, ta gaida tsohuwa. Ta shimfiɗa ciyawa a ciki, ta zuba toka, ta kwarara ruwa, ya dinga ɗiga garau cikin kasko.

"Ruwan ake sawa, Iya, shi ma ɗan kaɗan. Haka kakata ta koya wa uwata, ni kuma na riƙe. Ba na jin kunyar abin da ke madafata, alfahari nake yi da shi."

Tsohuwa ta naɗe tabarmarta ta koma cin abinci gidan Bushiya har rafi ya janye. Ranar da ta tsallaka, kafin ta sauke kayanta dangi kaf sun ji cewa matar ɗanta toka take dafa wa baƙi.

Darasin da za mu ɗauka a nan shi ne, kada ka raina abin da wani ya adana, domin tare da shi akwai sanin da ba ka da shi. In kuwa an ce zauna ka koya, to ka zauna.